Tobashina da Burtalin Tabkin Kanya

Na Allah ne mu duka, kuma gare shi za mu koma, kowa da ranarshi. Ranar tobashina ta zo Talata da hantsi, ana tsakiyar zafin bazara. Ko a nan ma sai da ya riga ni, yadda ya saba riga ni ga komi: ga zuwa duniya, ga aure, ga miƙa hannu cikin akushi.

Ubanshi wan uwata ne. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, kuma tun ina yawo ba wando har furfura ta ci kaina bai taɓa kirana da sunan da aka yanka mani rago ba. Ɗan Mace kawai. Ni kuma Mai Sanda nake ce mashi, don in ka gan shi ba sanda to wanka yake. Mai karatu ya yi haƙuri da hannuna. Shekara biyu na yi a lakwal, makarantar boko, ta biyun ma rabinta bisa magaryar bayan aji na cinye ta. Sauran baƙaƙen a karatun manya na tsince su, da gemuna. Amma na ga in ban rubuta ba, waɗanda suka iya rubutun ba su san shi ba.

Garinmu ba wani gari ba ne. In ka bar kwaltar Konni ka yi arewa, sai ka yi ta tahiya har ka fara zargin ƙarya aka yi maka, sannan ka hango rumbunanmu. A ƙasarmu mutum na iya tahiya daga hantsi har azahar bai gamu da kowa ba sai akuya da mai ita, wani lokacin ma akuyar kaɗai. Amma ranar zaman makoki na ga mutanen da ban san ƙasar nan ta ɓoye su ba. Mata suka fito daga tungayen bayan dutse da ƙoran hura bisa kai. Wani Buzu ya durƙusar da raƙuminshi ƙofar gida, ya zauna har la'asar, sannan ya miƙe ya ce, "Shi ya nuna mani ruwa," ya hau ya tahi. Liman da ya yi mashi wanka ya fito yana girgiza kai, ya ce bai taɓa ganin tafin ƙafa irin wannan ba, sai ka ce fatar sa da aka shanya. Matarshi kuwa ba ta yi kururuwa ba. Duk wanda ya shiga gaishe ta, magana ɗaya take maimaitawa: "Na dama mashi hura, ya ce in aje, zai sha in ya tashi."

Ran sadakar uku na jawo wa kaina abin faɗa. Babban ɗan mamacin direban babbar mota ne a Konni, mutum mai tumbi, ya ba hamsin baya. Abokanshi na tasha suka taso cikin mota guda don gaisuwa, suka bugo salula suna tambayar hanya. Ya miƙo mani ya ce, "Baba, kai ka san daji, yi masu kwatance." Na gyara murya na ce, "In kun bar kwalta ku miƙe har Tsamiya Biyu, ku karya hagu. Ku bar Kukar Makaho a dama, ku gangara Rijiyar Buzu. Daga nan ko jaki ya san gida."

Da hantsi muka yi wayar. Sai bayan la'asar suka iso, sun kusa leƙa Illela. Babbansu ko gaisuwa bai gama ba ya ce, "Baba, don Allah, ina tsamiyar take?"

"Wace?"

"Tsamiya Biyu da kac ce."

"A'a, ai babu su. Guda iska ta kada, guda aka sare aka yi turmi."

"Yaushe?"

"Kahin a haife ka."

"To kukar hwa?"

"Ita ma ta kwanta."

"Rijiyar?"

"Ta rubta tun ina da haƙora."

Liman ne ya fara toshe baki da hannun riga, daga nan wuri ya kece da dariya, har matan cikin gida suka aiko a ji mi ya faru. Ni kuwa har ga Allah ban ga laifina ba. Mu nan kowa a Tsamiya Biyu yake karya hagu. Jaki ko ba a ja shi ba, a nan yake karyawa. Itace na faɗuwa a ƙasarmu ya bar sunanshi tsaye, kuma wanda ya riƙe sunayen nan kada su bi itatuwan, shi ne muka binne.

Dariyar ba ta gama kwantawa ba, ardon Fulanin bayan dutse ya ɗago kai. Tsoho ne, sa'an mamacin, tun safe yana gefen tabarma yana jan carbi. Ya ce, "Allah shi jiƙan shi. To, ran Litinin ta sama, wa zai shiga gaba?"

Kowa a wurin ya san abin da yake nufi.

Akwai burtali, hanyar shanu, da ya taso daga gindin Dutsen Zabi ya ratsa gonaki har Tabkin Kanya. Tabkin nan kaɗai ke daɗewa da ruwa a duk yankinmu, kuma hanyar nan kaɗai dabba za ta bi ta sha ba ta taka shuka ba. Kakanni sun bar ta da faɗin da garke zai wuce a sake. Amma kowace damina sai gonaki sun ɗan cije ta, har wani wurin ya koma saniya biyu ba su jerawa. Kakar bara saura kaɗan a zub da jini: shanu suka faɗa wake, samarinmu suka fito da gatura, Fulani suka zare sanduna. Mai Sanda aka ɗauko bisa amalanke, don lokacin ƙafafu sun ƙi shi, ya zauna tsakaninsu har kowa ya ji nauyi ya koma gida. Daga nan meri, ofishin magajin gari, ta yarda za ta aiko a kafa turakun siminti bisa tsohuwar iyaka kahin ruwa ya sauka. Manoma da makiyaya suka amince da abu ɗaya: inda ya nuna, nan ne. Aka sa Litinin. Shi kuma ya tahi Talata.

Idanu suka zagaya, suka zagaya, suka tsaya kaina. Ni da na gama ɓatar da mota guda.

"Shekara sittin kana bin shi," in ji ardo.

"Bin shi nake ina tsokana, ba karatu nake ɗauka ba."

"Ƙafarka dai ta taka inda tashi ta taka."

Abin da ba wanda ya faɗa, amma kowa ya sani, shi ne gonata na jingine da burtalin, kuma cikin masu cizo ba ni ne ƙaramin baki ba.

Bari in faɗi wane ne shi kahin in faɗi yadda Litinin ta kasance.

Bai taɓa riƙe sarauta ba, ko ta mai unguwa. Konni ma sai dole take kai shi. Abin da ya mallaka shi ne ƙasar nan a cikin kai. Dutsen Zabi, wanda baƙo zai ɗauka tudun jan dutse ne kawai mai shimfiɗaɗɗen kai kamar an yanke da wuƙa, shi ya san kowane kogo nashi, wanda dila ke haihuwa ciki da wanda ruwa ke kwana ciki sati biyu bayan an ɗauke. Ya san koramar da ke gangarowa daga dutsen, wadda ke cika da azahar ta tahi da jaki, kahin magariba tsohuwa ta tsallake ta. Ya san inda fako ya ƙare jigawa ta fara, da inda jigawa ta sauka ta zama fadama. In ya ga kalgo ya yi kore cikin bazara alhali 'yan'uwanshi sun bushe, sai ya tsaya ya daɗe yana kallon shi kamar mai sauraron gulma.

Shekarar da rijiyoyinmu suka ƙafe, ya bi cikin busasshiyar koramar kwana biyu, ya tsaya a wata kwana ƙarƙashin bagaruwa, ya ce a haƙa. Zurfin gaba biyu aka haƙa, ruwa ya tsattsafo. Dattawa suka ce a rufe bakin da zana a yi shiru, kada makiyaya su ji su ƙarar. Ni ma ina cikin masu cewa a rufe. Ya ce, "Ba ni na zuba shi ba, balle in rufe." Da ƙafarshi ya je ruga, ya kuma tare Buzayen da ke wucewa ya nuna masu. Ruwan nan bai ƙare ba har aka yi shuka.

Sandar tashi ta kirya ce, ta yi baƙi don riƙo, da ƙarfe a gindi wanda wani maƙerin Malbaza ya ɗaura mata. Da ita yake raba gardamar iyaka. Ya ce yashin sama maƙaryaci ne, iska ke kawo shi, hauya ke juya shi. Amma zurfin tafin hannu biyu, inda kofato ya daka shekara da shekaru, ƙasa ba ta mantawa. In ya soka a gona ta gado sai sandar ta nutse sulup. In ya soka a burtali, ko an yi shekara goma ana noma wurin, sai ta tsaya ƙwas, ka ji ta har gwiwar hannu. Maganarshi ke nan ga komi: "Soka ka ji." An zo neman auren ɗiyarshi, an ce mutumin kirki ne: soka ka ji. Rediyo ta ce bana ruwa zai wadata: soka ka ji. Ranar da ni na ce mashi na tuba da ɓarna, kallona ya yi ya ce wannan ko ba a soka ba.

Abin da na riƙe shi da shi a zuciya shi ne sunaye. Tun muna samari yake jana daji, wai in raka shi duba tarko ko yankan kaba, ni kuma Allah ya yi ni mutumin da tsautsayi ke nema ko ina na ɓuya. Gindin dutse jaki ya kada ni gaban 'yan mata masu ɗiban itace. Kahin sati wurin ya zama Kayen Ɗan Mace. A bakin fako damo ya fito daga suri, na ɗauka kada ne, na zubar da goran ruwa da takalmi ɗaya. Wurin ya zama Gudun Damo. Wata farar ƙaya ta kama mani wando ranar da na ci ado za ni zance, ta raba shi biyu, har yau matan da ba a haifa ba lokacin suna cewa, "Mu haɗu a Wandon Ɗan Mace." Jikokina sun san wuraren nan. Surukaina sun san su. Na roƙe shi, na zage shi, na kai ƙara wurin uwata, ta yi dariya har da hawaye ta ce ba a shiga tsakanin tobasai.

Faɗa na gaske sau ɗaya muka yi. Duk manomi ya san daɗin ƙasar da shanu suka yi shekaru suna bi suna zuba taki. Wata damina na ce bari in ɗan matsa, layi uku kacal, wa zai ƙirga? Hatsin ya fito kore shar, ya kai gwiwa. Ina cikin noma sai ga shi, ko sallama babu. Ya soka sanda, ya dube ni. Ya jingine ta, ya duƙa, ya fara tuge hatsina da hannu, tushe bayan tushe.

"Kai, mahaukaci ne kai? Abincin ɗiyana ne!"

"Hanyar shanu ce."

"Shanun ubanka ne?"

"Ubana kawunka ne, ka iya bakinka."

Ya tuge layi uku tas, ya kakkaɓe hannu, ya ce, "Wanga wuri Cin Hanya sunanshi." Ban yi mashi magana ba har aka yi girbi. A masallaci in ya tsaya dama sai in koma hagu. Bayan kaka, wata safiya na fito na tarar da damin hatsi shida jingine da rumbuna, da sawun jakinshi har ƙofa. Na bi sawun, na same shi yana gyaran darni. Na ce mi ke nan? Bai ɗago ba ya ce, "Jakin ga ya tsufa, ɓata hanya yake. In ka ga kaya gidanka ka riƙe, ni ba ni iya ɗauko su." Na ce to Allah shi ƙara ɓatar da shi. Shi ke nan sulhunmu.

Amma kun ji abin da ya ce game da tubana. Shekarun nan da ƙafa ta zaunar da shi ƙofar gida, na koma halina. Layi ɗaya bana, ɗaya baɗi, har suka zama bakwai. Ina tsammanin bai sani ba. Wata rana na kawo mashi goro, ya karɓa, ya ɓare, ya ce, "Ɗan Mace, na ji gonarka na ƙiba." Na ce taki ne. Ya ce, "I, na san mai takin." Bai ƙara ba. Shirun nan ya fi tugewar ciwo.

Ran Lahadi da la'asar matarshi ta aika a kira ni. Tana zaune bisa tabarmar takaba, sandar na kwance gabanta. Ta turo mani ita.

"Ya ce in ba ka."

"Ni? Ga ɗanshi nan."

"Ɗanshi ya san hanyar Agadas da ta Kwatano. Ta tabki ce bai sani ba."

"Ni ma wallahi ban san ta ba. Ban riƙe komi ba."

Karon farko tun Talata na ga bakinta ya motsa kamar za ta yi murmushi. "Haka yac ce za ka ce. Ya ce kai ba ka riƙe karatu. Amma duk inda aka yi maka dariya, ko cikin barci aka tashe ka, za ka nuna wurin da yatsa. Ya ce ka bi wuraren da ka faɗi, za su kai ka tabki."

Na fito na zauna gindin rumbu ina tunani. Na taɓa zamewa a kasuwar Konni gaban jama'a, bai raɗa wa wurin suna ba. Rago ya tunkuye ni ranar salla, bai raɗa ba. Amma Kayen Ɗan Mace, nan ne bakin burtali. Gudun Damo, nan hanyar ke lanƙwasawa gabas. Wando, nan take komawa kudu. Duk inda hanyar shanu ta juya, akwai abin da ya same ni a wurin. Shekara sittin ina cewa wulaƙanta ni mutumin nan yake, ashe rubutu yake yi, ni ne allon. Ko shi ya tsikari jakin nan ranar, Allah ne ya sani. Ni dai yanzu ina da zato.

Litinin da safe maƙwabcin gonata, wanda ya fi ni cizo, ya tare ni bayan masallaci. "Mu yi magana ta manya. Mai sanin ya tahi. Inda ka nuna nan za a kafa, kuma siminti ba ya tashi. Ka bi bakin shuka yadda take, kowa shi huta. Kai da bakwai, ni da tara." Na ce zan duba. Ba zan yi ƙarya cikin takardar mamaci ba: har na saɓa sandar ban san abin da zan yi ba. Layi bakwai ɗin nan su ke kai gidana ga sabon hatsi.

Meri ta aiko wata madam mai malafa da 'yar na'ura kamar salula, da leburori da amalanke biyu na turaku. Ardo da mutanenshi a hagu, manoma a dama, kowa fuska a ɗaure. Direba na baya yana haki tun ba a je ko'ina ba. Muka fara daga gindin dutse. Na soka: ƙwas. Na yi taku uku na soka: sulup. Aka kafa na farko.

"Baba, mi ne sunan wurin?" in ji madam, biro a hannu. "Sai na rubuta."

Na yi tari. "Gindin dutse."

"Ƙarya ne!" Manoma da Fulani baki ɗaya. Rabon da su haɗa baki kan wani abu tun kahin faɗan wake.

"Kayen Ɗan Mace," na ce ƙasa-ƙasa.

"Wane ne Ɗan Macen?"

Duk yatsun wurin suka nuna ni.

Haka Gudun Damo ya shiga takardar gwamnati. Wando ma ya shiga, madam na rubutawa tana cije leɓe. Kahin mu fita fako, mutanen da suka zare wa juna sanda bara suna ta gardama kan ko takalmin dama na yar ko na hagu.

A Tsamiya Biyu, inda burtali ya ratsa hanyar mota, ardo ya tsayar da mu. Akwai wani kewayen ƙaya a gefe da na sha wucewa ban taɓa leƙawa ba. Ya ɗaga reshe da sandarshi. Tsamiya ce guda biyu a ciki, 'yan ƙanana, sun kai ƙugu, ganyensu kore cikin wannan zafi.

"Shi ya dasa, shekarar da ƙafarshi ta fara ciwo," in ji ardo. "Ya ce duk garken da zai wuce, a zuba masu gora ɗaya. Ba mu fasa ba."

Direba ya tsuguna gaban 'yan itatuwan. Shi da bai yi kuka a maƙabarta ba, a nan ya yi. Aka bar shi ya gama.

Rana tsaka muka iso gonata. Ba shuka, sai tushiyoyin karan bara a jere suna nuna layuka. Maƙwabcina ya matso har ina jin numfashinshi. Na tsaya bakin layin waje, inda nake so iyaka ta kasance, na soka. Ta tsaya ƙwas.

"Nan ne, Baba?" in ji madam. Lebura har ya ɗaga diga.

Ba wanda ya ce in soka cikin gonata. In na ce nan ne, an wuce. A nan na gane abin da ban gane ba shekara sittin: ba sandar aka yarda da ita ba, mai riƙon ne. Ardo bai ce komi ba, ya juya yana kallon dutse. Irin shirun nan ne na ranar goro.

Na ce, "Dakata." Na shiga gonata. Layi na ɗaya, ƙwas. Na biyu, ƙwas. Ina tahiya ina sokawa ina zagin Mai Sanda a zuci, shi da jakinshi da sandarshi. Na bakwai, ƙwas. Na ƙara taku ɗaya, sanda ta nutse har na kusa bin ta.

"Nan. Ki rubuta Cin Hanya. Kada ki tambayi wa ya ci."

Na nufi gonar maƙwabcina. Ya dube ni, ya dubi jama'a, ya yi tsaki, ya shiga da kanshi ya ƙirga tara ya tsaya. "Ku kafa nan, kada tsohon banzan ga shi huda mani gona." Daga nan aikin ya yi sauƙi. Kahin in iso gonar mutum, sai in tarar ya riga ya ja baya yana jira, wani ma har da ƙarin layi ɗaya don kada a soka.

Da la'asar muka kafa turken ƙarshe a bakin Tabkin Kanya. Ruwan ya janye tsakiya, gefe duk laka ce da ta tsattsage. Ita dai kanyar tana nan, ba ta bi sauran ba, kuma bisa kanta shamuwa biyu, na farko da muka gani bana. Muka yi salla sahu ɗaya, aka yi wa Mai Sanda fatiha. Direba ya ce bari ya wanke fuska, ya taka busasshiyar lakar nan yana ɗauka ƙasa ce. Taku na huɗu ta buɗe ta haɗiye shi har cinya. Sai da Fulani biyu suka jefa mashi igiyar shanu suka ja, ya fito ba takalmi ko ɗaya.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Madam, rubuta! Wanga wuri Tumbin Direba sunanshi!"

Aka bushe da dariya. Na juya dama, inda Mai Sanda yake tahiya kullum, don in ga ko ta burge shi. Ba kowa, sai sandar a hannuna.

Da muka kamo hanyar gida na ce wa direba in rani ya yi ya ajiye mota ya zo. Akwai wata hanya daga tabki zuwa ƙasar gishiri da dabbobi ke lasa, kwana huɗu gare ta, ni kaɗai na rage da na san su.

"Baba, ni ban san daji ba."

"Ba sai ka sani ba. Kai dai ka zo, sauran aikina ne."

Kwana biyu bayan nan na je gona na tarar da garken ardo kwance bisa abin da ya rage mani. Ban roƙa ba. Ya ce shanun ne suka zaɓi wurin, shi ba ya gardama da su. Suka kwana nan suna zuba taki har ruwan farko ya sauka. Yanzu da nake rubutu hatsin ya kai gwiwa, shanu na wucewa tsakanin turaku biyar-biyar a jere, ba wanda ya ɗaga murya. Kowace Juma'a ina kai wa tsamiyoyin gora ɗaya. A gaya wa mutanen tasha su yi haƙuri: kwatancena daidai ne, 'yan shekaru kawai na riga tsamiyoyin girma.

Allah shi jiƙan ka, Mai Sanda. Allah shi sanyaya makwancinka yadda ka shayar da wanda ka sani da wanda ba ka sani ba, shi ba iyalinka haƙuri, shi yafe maka har da abin da ka yi wa jakin nan. Hanyar da ka bi yanzu ban san ta ba. In da hali ka bar mani alama a kowace kwana. Ka san ni: ina nan tahe, kuma ba na rasa faɗuwa.